Filasta da fatar jinjiri: tambayoyin da masu jego ke yi

Me ya sa filasta ke saluɓe fatar jinjiri?

Fatarsa ba ta yi ƙwari ba tukuna. Jaririn da ya cika wata tara, saman fatarsa ninki 10 zuwa 20 ne. Bakwainin da bai kai mako 30 a ciki ba kuwa ninki 2 ko 3 kacal gare shi, kamar ɓawon albasa. Danƙon filasta yakan riƙe fatar sama fiye da yadda ita ta riƙe ta ƙasa, don haka da an fizga sai ta biyo. An fi gani a kumatu, inda aka ɗaure tiyon ciyarwa ko na iska, da bayan hannu wurin allurar ƙarin ruwa.

To, a daina liƙawa mana?

Ba zai yiwu ba. In allura ta zame, sai an sake huda yaron. A dai yanka ƙarama, kada a ɗame ta, in akwai ta silikon, wato mai danƙo mai laushi, a yi amfani da ita.

Yaya ake cire ta?

Nan ne ake yawan ɓarna, kuma gaggawa ke jawo ta. A jiƙa auduga da ruwa mai ɗumi, a ɗaga gefe ɗaya, a kwantar da filastar bisa kanta, ana ja a hankali daf da fata, yatsa ɗaya na danne wurin, ana ƙara jiƙawa. Kada a ja ta sama. In ba za a sake liƙawa a wurin ba, ɗan baselin yana sassauta danƙon. A asibiti aikin nas ne, amma ke uwa, ki ce "Sista, don Allah a jiƙa tukuna." Babu rashin kunya a ciki.

A iya cire ta da sfirit, ruwan nan da ake goge fata da shi kafin allura?

A'a. Yana ƙona fatar bakwaini, yana kuma ratsawa cikin jiki.

Yanayin Sakkwato yana da tasiri?

Ƙwarai. Da bazara gumi na taruwa ƙarƙashin filasta har fata ta yi laushi. Da hunturu kuma bushewa take ta tsattsage. A riƙa duba wurin kullum.

In fatar ta riga ta saluɓe?

A nuna wa nas, kada a barbaɗa hoda, toka ko garin magani. In wurin ya kumbura, ya yi mugunya, ko yaro ya yi zazzaɓi ko ya ƙi nono, a koma asibiti ranar, ko da dare ne.