Tsofaffin fina-finan kwamfuta da bam ɗin nukiliya: ga amsoshin, a daina maimaita tambaya

Tun da aka fara surutun ƙirƙirarriyar basira tambayoyin nan dai su ake ta jefo min. Don Allah a karanta tukuna kafin a sake turowa.

Terminator ne fim na farko da kwamfuta ta juya wa mutane baya?

A'a. A 1984 ya fito. Colossus: The Forbin Project tun 1970 yake, 2001: A Space Odyssey mai kwamfutar nan HAL kuma 1968.

Me ya sa duk maganar bam suke yi?

Saboda lokacin yaƙin cacar baka aka yi su. A Oktoban 1962 saura ƙiris Amurka da Tarayyar Sobiyet su gwabza kan makaman da aka girke a Kuba, shekara biyu bayan nan Dr. Strangelove da Fail Safe suka fito. Kuma kada wani ya ce min tsoron Turawa ne kawai, a 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin saharar Aljeriya, gwaje-gwajen nan ne suka sa Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961.

Fail Safe ba shi da kala, akwai wanda ya fi shi?

Haba jama'a. Kala kuka zo kallo ko labari? Na'ura ce ta yi kuskure ta ba jiragen yaƙin Amurka umarnin su nufi Mosko, su kuma matuƙan an horar da su cewa in sun wuce wani wuri kada su saurari kowa, ko da muryar shugaban ƙasa ce. Henry Fonda ne shugaban, yana zaune a wani ɗan ɗaki ba kowa sai tafinta da wayar tarho, yana roƙon shugaban Sobiyet ya yarda ba da gangan ba ne. Akwai inda jakadan Amurka a Mosko yake kan layi, an riga an faɗa cewa in bam ya sauka ƙarar narkewar wayarsa za a ji, sai ga ƙarar ta taso. Ku kalli wurin nan sannan ku zo ku yi min zancen kala.

Da gaske wani fim ya sa Amurka ta canza doka?

WarGames, 1983. Yaro ɗan sakandare ya kutsa kwamfutar soja yana zaton wasa ne. Shugaba Reagan ya kalla ya tambayi Janar John Vessey ko hakan zai yiwu, janar ɗin ya bincika ya dawo ya ce matsalar ta ma fi haka. A 1984 Reagan ya sa hannu a umarnin tsaron kwamfutocin gwamnati.

Ƙanina ya kalli Terminator 2 yanzu ba ya barci, wai ChatGPT zai harba nukiliya. Me zan gaya masa?

To wannan ce tambayar da ta isa a zauna a kanta. Da farko kada ka yi masa dariya kuma kada ka ce masa duk ƙarya ce, don yaro mai waya a hannu gobe zai ga wani abu ya daina yarda da kai. Ka fara da abin da ke kwantar da hankali: ranar da fim ɗin ya ce Skynet, kwamfutar da ta juya wa mutane baya a cikinsa, zai ƙone duniya 29 ga Agustan 1997 ce, ta wuce muna nan. Manhajar da yake hira da ita a waya kuma ba a haɗe take da makamin kowa ba.

Amma fa, in ya kai shekarun da zai gane, gaya masa sauran. Na'urorin gargaɗi sun sha yin kuskure da gaske. A Nuwamban 1979 kaset ɗin atisaye ya shiga kwamfutar NORAD, rundunar tsaron sararin samaniyar Amurka da Kanada, ta nuna kamar Sobiyet ta kawo hari. Ranar 26 ga Satumban 1983 kuma a kusa da Mosko na'ura ta nuna makamai masu linzami biyar sun taso daga Amurka, hafsan da ke bakin aiki Stanislav Petrov ya ce wanda zai fara yaƙin duniya ba da guda biyar zai fara ba, ya kai rahoto cewa kuskure ne, daga baya aka gano hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗi tauraron ɗan'adam. Ni abin da ke damuna ke nan, kuma shi fina-finan nan suke nunawa tun farko, ba mutum-mutumi mai jan ido ba. Makami mai linzami kusan minti talatin yake ɗauka daga wannan nahiya zuwa waccan, lokacin tunani kaɗan ne, shi ya sa kullum akwai mai cewa a bar wa na'ura ta fi sauri. Haka Colossus, kwamfutar da ke fim ɗin nan na 1970, ya fara, da hannunsu Amurkawa suka miƙa masa makaman suka rufe ƙofa yadda ba mai iya kashe shi, sai ya gano Sobiyet ma suna da nasu, Guardian, su biyun suka haɗa kai.

Ya danganta da yaron dai. In mai saurin firgita ne ka tsaya a kashi na farko. In mai tambaya ne ka ƙara masa da cewa a Nuwamban 2024 a Lima, babban birnin Peru, shugaban Amurka na lokacin Biden da Xi Jinping na China sun amince mutum ne zai ci gaba da yanke shawarar amfani da nukiliya, ba na'ura ba. Magana ce ta shugabanni, ba yarjejeniya mai ɗaure kowa ba, kada ka kambama masa ita, amma an faɗa.

Akwai fassarar Hausa?

Ku kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo ku bi a hankali, yawancinsu magana ce ba faɗa ba.

Da wanne zan fara, kuma zan iya kalla da yara?

WarGames, sai Fail Safe, sai Colossus. WarGames ba laifi da manyan yara. Threads na BBC, 1984, wanda ya nuna garin Sheffield bayan bam, kada ka kuskura ka kunna shi a gaban yara, kai kanka ka kalla da rana.