Tsara haske a fim ɗin zanen kwamfuta

Tsara haske shi ne zaɓen fitilu da ajiye su a fagen da aka gina cikin kwamfuta kafin a fitar da hoton ƙarshe. Fitilun lissafi ne kawai da ke gaya wa manhaja daga ina haske zai fito, da ƙarfinsa, da launinsa, da irin inuwar da zai jefa.

Tarihi

Masu wannan aiki sun gaji tsarin fitila uku (babbar fitila, ta sassauta duhu, da ta baya) daga masu ɗaukar fim, tsarin da ake ganin ya kafu a Amurka wajajen shekarun 1920 zuwa 1930. Sai dai kwamfuta ta daɗe kafin ta iya kwaikwayonsa. A 1971 Henri Gouraud, a Jami'ar Utah, ya fito da hanyar sulɓe haske a jikin abu don kada kusurwoyinsa su fito. Bui Tuong Phong, shi ma a Utah, ya ƙara lissafin ƙyallin da ake gani a jikin abu mai santsi, aka buga aikinsa a 1975. Lance Williams ya kawo dabarar taswirar inuwa (hanyar gano wuraren da hasken fitila ba ya kaiwa) a 1978, Turner Whitted kuma ya nuna bin sawun haske (wato kwamfuta ta bi hanyar da haske ke bi yana bugun abubuwa ko ratsa su) a 1980, wanda ya sa gilashi da madubi suka fara kama da na gaske. A 1986 James Kajiya ya tattara yadda haske ke yawo a fage cikin lissafi guda.

Duk da haka, lokacin da kamfanin Pixar ya fitar da fim ɗin Toy Story a 1995, haske ba ya dawowa da kansa idan ya bugi bango. Ma'aikaci ne zai dasa ƙananan fitilu da hannu: jar fitila mai rauni kusa da jan kafet, misali, don jan ya ɗan taɓa ƙafar tebur. Aiki ne na haƙuri, kuma a nan ne gwanintar ido ta fi fitowa.

Yadda ake ajiye fitilun uku

Babbar fitila takan zauna gefe guda, sama da fuska kaɗan, ita ke yanke inda inuwa za ta faɗi. Ta biyu, mai rauni, tana ɗaya gefen tana sassauta duhu. Ta uku tana baya, tana zana siririn layin haske a kafaɗa da gashi don a raba mutum da bango. Faffaɗar fitila inuwarta laushi gare ta, ƙarama kuwa inuwarta kaifi. Idan aka ninka nisan fitila sau biyu, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ana auna launin haske da ma'aunin da ake kira Kelvin: ƙwan lantarki na ɗakin fim kusan 3200, hasken rana kusan 5600.

Yau

Manhajoji irin su Blender da Maya suna lissafa hasken da ke dawowa da kansu. Masana sun rabu kan ko tsarin fitila uku har yanzu ƙa'ida ce ko mafarin koyo kawai.