Farfaɗiyar Barci

Farfaɗiyar barci ita ce wadda ke tashi yayin da mutum ke barci, wani lokaci ma ba ta taɓa kama shi a farke. Tana farawa ne a ɓawon ƙwaƙwalwa, inda wasu ƙwayoyin jijiya ke sakin wutar lantarki lokaci guda fiye da kima.

Ciwon ya fi tashi a barci marar nauyi, kafin a kai matakin da idanu ke motsi ana mafarki. A lokacin ƙwayoyin jijiya kan yi aiki tare a kari ɗaya, sai wutar ta sami hanyar bazuwa.

Wurin da ta faro shi ke nuna kamannin ciwon. Idan daga sashen gaba ne, bayan goshi, mutum kan zabura, ya yi ta shure-shure kamar mai tuƙa keke, ko ya ƙwala ihu. Yawanci ba ya kai minti 2, amma yana iya maimaituwa sau da yawa a dare ɗaya. Likitoci a Bolonya ta Italiya sun bayyana shi a 1981, kuma a 1995 aka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna CHRNA4 da ke jawo shi a wani dangi a Ostireliya. Daga baya an gane cewa wani lokaci yana farowa daga sashen ƙwaƙwalwa da ke kusa da kunne.

Akwai nau'in yara, mai tashi daga yankin da ke sarrafa fuska da baki: gefen baki ya karkace, yawu ya dalalo, yaro yana ji amma ya kasa magana. Yawanci yakan daina da kansa wajen shekara 16.

A Kebbi da Zamfara, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da doguwar naƙuda suna iya barin tabon da ke jawo farfaɗiya. Abin takaici, wanda ke ihu tsakar dare sau da yawa akan ce iska ce ta taɓa shi, a yi shekaru ba a kai shi asibiti ba. Ana gano ciwon da na'urar EEG mai auna wutar lantarkin ƙwaƙwalwa, kuma bidiyon da iyali suka ɗauka da waya yana taimaka wa likita ƙwarai. Maganin kabamazefin yana yi wa da yawa aiki. Idan ciwon ya tashi, a kwantar da mutum ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki.