Waiwaye: Bindigogin da ake ajiyewa ba don harbi ba

Tambayi masu tara bindigogi wacce suka fi ji da ita, da wuya su nuna maka wadda ta fi saiti. Galibi wata tsohuwa ce mai siffa bambaraƙwai, wadda mai ita ba zai ma yarda a ɗura mata harsashi ba. Al'adar ta fi ƙarfi a Amurka, kuma yaƙe-yaƙe ne suka haife ta.

A 1856 wani mazaunin birnin New Orleans na Amurka, Jean Alexandre LeMat, ya yi rajistar ƙaramar bindigar da ya ƙirƙiro mai cin harsashi 9, ga kuma wani baki na daban a ƙasa mai watsa ƙwayoyin dalma irin na maharba. Hafsoshin jihohin Kudu sun riƙe ta a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Nauyi gare ta, kuma ba a ƙera ta da yawa ba, shi ya sa yau ake rububinta.

Amma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya cika gidaje. Sojoji sun dawo a 1945 da ganima cikin jakunkuna, da yawansu riƙe da takardar izini mai sa hannun hafsa. Wanda ya yi yaƙi a Turai ya zo da Luger ta Jamus, wanda ya je gabas ya zo da Arisaka ta Japan. Ita Arisaka akwai tambarin fure na Sarkin Japan a kanta, kuma bayan Japan ta miƙa wuya an gurje shi daga yawancinsu. To, nan idon mai saye ke fara sauka: furen yana nan ko an gurje? In yana nan, sai a kyautata zaton daga fagen daga aka ɗauko ta, kuɗinta kuma ya haura.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce Liberator. A 1942 wani reshen kamfanin motoci na General Motors mai yin fitilun mota ya buga kimanin miliyan 1 da fallen ƙarfe, kowace a kan dala 2 da 'yan kai. Harbi ɗaya take yi, sai ka sa ɗan sandan katako ka zunguro kwanson harsashin kafin ka sake ɗurawa. An yi ta ne don a jefa wa 'yan gwagwarmaya a ƙasashen da aka mamaye, sai dai kaɗan suka isa hannunsu, sauran aka narkar ko aka zubar a teku. A matsayin makami, kusan hoto ce. Yau dubban daloli ake sayen guda. Haka bindigogi 500 kacal da kamfanin keken ɗinki na Singer ya ƙera wa sojan Amurka suka zama sai wane da wane.

Doka ma ta san da zaman irinsu. Dokar Amurka ta 1968 ta ware waɗanda aka ƙera kafin 1899 a matsayin kayan tarihi, waɗanda suka kai shekara 50 kuma suna da lasisin masu tarawa. Wasu ƙasashen sun bi wata hanya bayan an zubar da jini. Kisan yaran makaranta da wani ɗan bindiga ya yi a garin Dunblane na Scotland a 1996 ya sa Birtaniya ta haramta yawancin ƙananan bindigogi a 1997, Ostareliya kuwa ta saye kimanin 650,000 ta lalata bayan wani ɗan bindiga ya kashe mutane da dama a garin Port Arthur na ƙasar, har da na gado.

Inda magada ke yawan tafka asara shi ne wajen nuna ƙauna. Jika zai ga kayan kakansa sun dushe, ya sa takardar goge katako ya kankare ƙotar, ya kai a sabunta launin ƙarfen. A idon dillali ya riga ya ɓata ta, domin tabon da sunan da soja ya zana da wuƙa su ne shaidar inda ta je. Dillalan gwanjo kan nemi takardar izinin nan ta 1945 da hoton sojan, kuma bindigar da ta zo da su ta fi wadda ta zo ita kaɗai tsada.