Lula na Burazil: yaron da fari ya koro daga ƙauye, ya mulki ƙasa sau uku

Duk mai sauraron labaran duniya ya san sunan Lula, dattijon nan mai farin gemu da dusasshiyar murya da ke shugabantar Burazil, ƙasar da ta fi kowace girma da yawan jama'a a Kudancin Amurka. Ga amsoshin wasu tambayoyi da aka fi yi game da rayuwarsa da siyasarsa.

Wane ne shi, kuma daga wane irin gida ya fito?

Cikakken sunansa Luiz Inacio Lula da Silva. Lula laƙabin gida ne, daga baya ya shigar da shi cikin sunansa a hukumance. An haife shi a watan Oktoban 1945 a Caetes, cikin jihar Pernambuco da ke arewa maso gabashin ƙasar, yankin da ya yi ƙaurin suna wajen fari da talauci. Shi ne na bakwai cikin 'ya'ya takwas da suka rayu. Mahaifinsa ya tafi ci-rani kudu, ya bar uwar yaran, Dona Lindu, da ɗawainiyar gida.

A 1952, Lula yana ɗan shekara bakwai, uwar ta sayar da ɗan abin da ta mallaka, ta kwashi 'ya'yanta suka hau bayan babbar mota. Kwana 13 suka yi a hanya kafin su isa Guaruja, a gaɓar tekun jihar Sao Paulo. Can suka tarar maigidan ya kafa wani iyali. Zaman bai yi daɗi ba, don haka bayan 'yan shekaru ta tattara yaranta suka koma birnin Sao Paulo, suka tare a ɗaki ɗaya a bayan wata mashaya.

Lula ya yi tallan gyaɗa da lemo, ya yi gogen takalma. Sai da ya kai shekara goma ya iya karatu, kuma bokonsa bai wuce firamare ba. Abin da ya buɗe masa hanya shi ne makarantar koyon sana'a ta SENAI, inda ya koyi sarrafa injin da ake sassaƙa ƙarfe da shi. A 1964 wani inji ya datse masa ƙaramin yatsan hannun hagu a wurin aiki. A 1971 kuma matarsa ta fari ta rasu da cikin wata takwas, ɗan ma bai rayu ba. Ya sha faɗa cewa da ta sami kulawar da ta dace da ba ta mutu ba. Wanda duk yake son ya gane siyasar mutumin nan, to daga waɗannan shekaru zai fara, domin yunwa da layin asibitin talakawa ba labari aka ba shi ba.

Ta yaya ma'aikacin masana'anta ya zama ɗan siyasa?

Ta ƙofar ƙungiyar ƙwadago. Wani yayansa ne ya ja shi ciki, kuma a 1975 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa ta Sao Bernardo do Campo, garin da manyan kamfanonin motoci irin su Volkswagen da Ford suke da masana'antu a wancan lokacin. Lokacin kuwa sojoji ne ke mulki tun juyin mulkin 1964, kuma yajin aiki kusan haramun ne a doka.

Duk da haka, daga 1978 zuwa 1980 ya jagoranci yajin aikin da ya girgiza gwamnati. A ɗaya daga cikin tarukan 1979, dubun-dubatar ma'aikata sun cika filin ƙwallon Vila Euclides, ga shi babu lasifika. Sai ya hau tebur yana magana, na gaba suna maimaita wa na baya, har maganar ta kai ƙarshen fili. A 1980 aka kama shi aka tsare kwana 31. Yana tsare mahaifiyarsa ta rasu, aka kai shi wurin jana'iza da rakiyar 'yan sanda.

A wannan shekarar ce, a watan Fabrairu, shi da 'yan ƙwadago da malaman jami'a da wasu mabiya cocin Katolika masu aiki cikin talakawa suka kafa Jam'iyyar Ma'aikata, wadda aka fi sani da PT. Hujjarsu ita ce ma'aikaci ya gaji da zaɓen wanda zai yi magana a madadinsa.

An ce ya sha kaye har sau uku kafin ya ci. Me ya canza?

Gaskiya ne. A 1989 Fernando Collor ya kayar da shi a zagaye na biyu, sannan Fernando Henrique Cardoso ya kayar da shi a 1994 da 1998. Masu kuɗi suna tsoronsa, matsakaita suna ganin bai da ilimin riƙe ƙasa, har cikin talakawa akwai masu cewa ina wanda bai yi jami'a ba ina shugabanci.

A 2002 ya sauya salo. Ya gyara gemu, ya sa kwat, ya ɗauki attajirin masaƙu Jose Alencar a matsayin mataimaki. Ya kuma rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga al'ummar ƙasar, inda ya yi alkawarin mutunta yarjejeniyoyi da biyan basussukan da ya tarar. Wasu tsofaffin abokan gwagwarmaya sun ce ya sayar da aƙida. Shi kuwa ya ga cewa in ba a shiga gidan ba, ba za a share shi ba. Ya doke Jose Serra da kusan kashi 61 cikin ɗari, aka rantsar da shi ranar 1 ga Janairun 2003.

Me ya yi wa talakawa da har yau ake ambato?

Tun ranar farko ya faɗi ma'aunin da yake so a auna shi da shi: in ya sauka kowane ɗan ƙasa yana iya cin abinci sau uku a rana, to ya cika burin rayuwarsa. Daga nan aka fito da shirin kawar da yunwa mai suna Fome Zero, sannan a watan Oktoban 2003 aka haɗe tallafi daban-daban wuri guda aka kira shi Bolsa Familia, wato tallafin iyali.

Yadda yake aiki shi ne abin lura. Ana yi wa iyalai marasa ƙarfi rajista a kundi ɗaya na ƙasa. Kuɗin yana shiga kati kai-tsaye duk wata, ba ya bi ta hannun ɗan siyasar unguwa, kuma mafi yawan katunan da sunan uwa ake yin su. Sannan akwai sharaɗi: yara su riƙa zuwa makaranta, a yi musu rigakafi, mai ciki ta je awo. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne, kuma dukan shirin bai wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar ba, amma kafin Lula ya sauka ya kai ga iyalai sama da miliyan 12.

Ba shi kaɗai ba ne. An riƙa ƙara mafi ƙarancin albashi fiye da yadda farashi ke hawa. Shirin Luz para Todos ya kai lantarki ƙauyukan da ba su taɓa gani ba. An buɗe sababbin jami'o'i, aka ba 'ya'yan talakawa guraben karatu. Gwamnati ta riƙa sayen amfanin ƙananan manoma don ciyar da yara a makarantu. A ƙarshen 2005 Burazil ta biya Asusun Ba da Lamuni na Duniya bashinsa gaba ɗaya tun kafin wa'adi ya cika. A 2014 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire ƙasar daga taswirar ƙasashen da ke fama da yunwa.

Adalci ne a faɗi cewa ya taki sa'a. Cardoso ya riga ya daƙile hauhawar farashi da sabon kuɗin da aka fito da shi a 1994, kuma a zamanin Lula ƙasar Sin tana sayen waken soya da tama a farashi mai tsoka. Amma ƙasashe da yawa sun ga irin wannan garaɓasa ba tare da ta shiga tukunyar talaka ba. A ganina nan ne bambancinsa yake. Ya sake cin zaɓe a 2006, ya sauka a ƙarshen 2010 da farin jinin da ya haura kashi 80 cikin ɗari, ya miƙa mulki ga Dilma Rousseff, mace ta farko da ta shugabanci ƙasar.

To ina batun rashawa? Ya ci ko bai ci ba?

Wannan tambaya ita ce ta raba Burazil gida biyu, kuma tana buƙatar a bi ta a hankali.

Cewa an yi ɓarna a zamanin PT ba abin musu ba ne. A 2005 aka fallasa cewa ana ba wasu 'yan majalisa kuɗi don su goyi bayan gwamnati. Babban na hannun daman Lula, Jose Dirceu, ya rasa kujerarsa, kuma a 2012 Kotun Ƙoli ta same shi da laifi tare da wasu. Majalisar Burazil cike take da jam'iyyu barkatai, ba shugaban da ke da rinjaye shi kaɗai, kuma jam'iyyar da ta hau mulki da sunan tsafta ta zaɓi ta sayi ƙawance kamar yadda ta tarar ana yi. Wannan tabo ne da ba ya gogewa, domin kuɗin da aka sace na talakan nan ne da ake cewa ana yi don shi.

A 2014 aka fara binciken Lava Jato, wato wankin mota, wanda ya tono yadda kamfanonin gine-gine irin su Odebrecht ke ƙara kuɗin kwangila a kamfanin mai na Petrobras suna raba wa 'yan siyasa na jam'iyyu daban-daban. A 2017 alƙali Sergio Moro ya yanke wa Lula hukuncin shekara tara da rabi, bisa zargin cewa wani kamfani ya tanadar masa gida a bakin teku. Gidan kuwa a Guaruja yake, garin da motar nan ta sauke shi yana yaro. Kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin shekara 12 da wata ɗaya. Ranar 7 ga Afrilun 2018 ya miƙa kansa, aka tsare shi a birnin Curitiba, inda aka yi masa shari'ar, a lokacin da yake kan gaba a ƙuri'un jin ra'ayi na zaɓen wannan shekarar. Jair Bolsonaro ya ci zaɓen, ya naɗa Moro ministan shari'a.

Kwana 580 Lula ya yi a tsare. A 2019 aka fitar da saƙonnin da suka nuna alƙalin yana shawara da masu gabatar da ƙara a asirce. A 2021 Kotun Ƙoli ta soke hukunce-hukuncen saboda kotun Curitiba ba ta da hurumin sauraron su, ta kuma yanke cewa Moro ya nuna son rai. Masu adawa da shi suna cewa soke shari'a daban, wanke mutum daban. Magoya bayansa suna cewa shari'ar da alƙali ya haɗa baki da mai ƙara ba shari'a ba ce tun farko. A doka dai babu wani hukunci da ke kansa a yau.

Yaya ya dawo mulki?

Da ƙyar da jiɓin goshi. Ya ɗauki Geraldo Alckmin, wanda ya kayar a 2006, a matsayin mataimaki, kuma ranar 30 ga Oktoban 2022 ya doke Bolsonaro da kashi 50.9 cikin ɗari, tazarar ƙuri'a kusan miliyan biyu. Bolsonaro ya tafi Amurka bai tsaya miƙa mulki ba, sai wasu talakawan ƙasa ne suka rataya wa Lula ɗamarar shugabanci. Mako guda bayan haka, ranar 8 ga Janairun 2023, magoya bayan Bolsonaro suka afka wa majalisa da Kotun Ƙoli da fadar shugaban ƙasa a Brasilia, babban birnin ƙasar. A watan Satumban 2025 kotu ta yanke wa Bolsonaro hukuncin sama da shekara 27 kan yunƙurin juyin mulki.

Lula ya dawo da Bolsa Familia, ya kuma maido da Marina Silva ma'aikatar muhalli, matar da ta ajiye masa aiki a 2008 saboda saɓani kan dajin Amazon. Sare dajin ya ragu ƙwarai. Ƙasar da yunwa ta sake shigarwa taswirar nan bayan annobar korona ta sake fita a 2025.

Me ya haɗa shi da Afirka, har da mu Hausawa?

Burazil ce ta fi kowace ƙasa karɓar bayin da aka kwasa daga Afirka, sama da mutum miliyan huɗu, kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta haramta bauta, a 1888. Cikin waɗanda aka kai jihar Bahia a farkon ƙarni na 19 akwai Hausawa da yawa, fursunonin yaƙe-yaƙen wancan zamani. Su ne suka kitsa yunƙurin tawaye a birnin Salvador a 1807. A boren 1835, wanda Musulmi Yarbawa suka jagoranta cikin watan azumi, akwai Hausawa, kuma hukuma ta sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

Lula bai ɓoye wannan tarihi ba. Cikin dokokin farko da ya sa wa hannu a Janairun 2003 akwai wadda ta wajabta koyar da tarihin Afirka a makarantun ƙasar. A 2005 ya tsaya a tsibirin Goree na Sanagal ya nemi gafara kan abin da aka yi wa baƙar fata. Ya ziyarci Najeriya a wannan shekarar, ya dawo Abuja a 2006 don taron farko na ƙasashen Afirka da Kudancin Amurka, kuma a watan Agustan 2025 ya karɓi baƙuncin Shugaba Bola Tinubu a Brasilia.

Yana da niyyar hutawa?

Ya tsira daga ciwon dajin maƙogwaro a 2011, an kuma yi masa aiki a kai a ƙarshen 2024 bayan wata faɗuwa da ya yi a gida. Abin da ke damun ko masoyansa shi ne PT ta haura shekara arba'in ba ta fitar da wanda zai iya cin zaɓe ba tare da inuwarsa ba. A watan Oktoban 2025, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 80, ya bayyana cewa zai sake tsayawa takara a 2026.