Koyon Italiyanci a matsayin baƙon harshe

Italiyanci harshe ne da ya samo asali daga Latin, ɗan'uwan Faransanci da Sifaniyanci. Shi ne harshen hukuma a Italiya da San Marino, kuma ɗaya daga cikin harsunan hukuma a Suwizalan. Irin Italiyancin da ake koya wa baƙi shi ne daidaitaccen, wanda ya daɗe yana zaune a littafi kafin ya sauko bakin jama'a.

Tarihi

Tushen daidaitaccen harshen shi ne karin birnin Firenze na ƙarni na 14, wanda Dante Alighieri da Petrarca da Boccaccio suka yi rubutu da shi. A shekarar 1525 malami Pietro Bembo ya ba da shawarar a ɗauki Petrarca abin koyi a waƙa, Boccaccio kuma a zube, ra'ayinsa kuwa shi ya yi rinjaye. An kafa cibiyar Accademia della Crusca a Firenze wajen 1583, ta fitar da ƙamusunta a 1612. Kalmar crusca na nufin dusa: aikin cibiyar shi ne tankaɗe harshe, a ware gari daga dusa.

Baƙi sun fara koyon harshen tun kafin Italiya ta zama ƙasa ɗaya. A Ingila, William Thomas ya wallafa littafin nahawun Italiyanci a 1550, John Florio kuma ya fitar da ƙamusun Italiyanci da Ingilishi a 1598. A wancan zamani 'ya'yan masu hali ne ke koyonsa, saboda adabi da kiɗa da kasuwanci. Abin mamaki, lokacin da aka haɗe ƙasar a 1861, yawancin mutanenta da karin yankinsu suke magana. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta masu jin Italiyanci a lokacin da kashi 2.5 cikin ɗari. Wasu masana sun ce sun kai kusan kashi 10. Makaranta da aikin soja, daga baya kuma rediyo da talabijin, su suka yaɗa shi.

An kafa ƙungiyar Dante Alighieri a 1889 don yaɗa harshen a ƙasashen waje. Darussan baƙi sun fara a Siena a 1917, a Perugia kuma a 1921, kuma kowanne daga biranen biyu yana da jami'ar baƙi a yau.

Rubutu da furuci

Haruffan asali 21 ne. J, k, w, x da y sai a kalmomin aro. Galibi yadda aka rubuta haka ake karantawa. Harafin c kafin i ko e yana fita kamar c ɗin Hausa, kamar a gaisuwar ciao, amma chi da che ana furta su ki da ke. Ɗaurin baƙi, wato ninka harafi, yana canza ma'ana: sete ƙishirwa ce, sette bakwai, nono na tara, nonno kaka namiji. Wannan yana ba masu jin Ingilishi wuya, amma wanda ya saba faɗin hannu da kunne ya riga ya san abin. Inda Bahaushe zai sa kunne sosai shi ne bambance p da f da v: pila batir ne, fila layi.

Nahawu

Kowane suna ko namiji ne ko mace. Mafi yawan masu ƙarewa da -o maza ne, masu -a mata, kuma wannan -a ɗin ta yi kama da tsarin Hausa. Akwai masu saɓa ƙa'ida: mano, hannu, mace ce, problema kuma namiji. Jam'i yana zuwa ta sauya wasalin ƙarshe: libro ya zama libri, casa ta zama case. Kalmar uovo, ƙwai, namiji ce a tilo, a jam'i sai ta koma uova, mace. Gaban suna akwai 'yan kalmomin fayyacewa, il, lo, la, i, gli, le, waɗanda ke narkewa da wasu ƙananan kalmomi masu ma'anar "na", "cikin" ko "kan", su ba da del, nella, sugli. Malamai kan ce a haddace suna tare da mafayyacinsa.

A aikatau ne aikin yake. An kasa shi gida uku, masu ƙarewa da -are, -ere da -ire, kuma ƙarshen kalma ne ke nuna mai aiki, don haka sau da yawa ba a faɗin wakilin suna: parlo, ina magana, parliamo, muna magana. Shuɗaɗɗen lokaci na yau da kullum ana gina shi da aikatau mataimaki, avere (mallaka) ko essere (kasancewa), kuma da essere sai aikatau ya bi jinsi: don "na tafi", namiji ya ce sono andato, mace ta ce sono andata. Wani shuɗaɗɗen, passato remoto, ya fi yawa a adabi da bakin mutanen kudu. Sigar congiuntivo, ta shakka da fata, ita ɗalibai suka fi kuka da ita. Ana muhawara kan ko tana ja da baya a magana.

Aboki da yaro ana ce musu tu, babba ko baƙo kuma Lei, wadda asalinta ita ce "ita". Gwamnatin Mussolini ta yi yunƙurin hana Lei a 1938, ta tilasta voi, wato "ku". Ba ta ɗore ba, ko da yake a kudu har yau ana girmama dattijo da voi.

Kalmomi

Jerin kalmomin tushe na De Mauro ya ƙunshi kusan 7,000, cikinsu kimanin 2,000 ne ke ɗauke da mafi yawan magana. Akwai aro daga Larabci ta hanyar fatauci a Bahar Rum: zucchero sukari, cotone auduga, dogana kwastan, zero kuma daga kalmar da ta ba Hausa sifili. Wasu kalmomin kan yaudari mai jin Ingilishi: camera ɗaki ne, caldo zafi, parenti dangi.

Jarrabawa

Shaidun da hukuma ta amince da su sun haɗa da CELI ta Perugia, CILS ta Siena da PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri, a matakai daga A1, na farko, zuwa C2, na ƙarshe. Ana neman matakin A2 ga mai son takardar zama ta dogon lokaci a Italiya, B1 kuma, tun ƙarshen 2018, ga mai neman zama ɗan ƙasa ta hanyar aure ko daɗewa.