Sake shata iyakar unguwannin tarihi a garuruwan Ingila

A Ingila, yankin adana tarihi wani sashe ne na gari ko ƙauye da ƙaramar hukuma ta keɓe saboda darajar gine-ginensa da tarihinsa, don kada a sauya masa kama. Tsarin ya samo asali ne daga dokar 1967 wadda ɗan majalisa Duncan Sandys ya gabatar, kuma tsakiyar garin Stamford da ke Lincolnshire, mai gidajen dutse, ita aka fara keɓewa a shekarar. Yau irin waɗannan yankuna sun kai kimanin 10,000.

Iyakar ba ta zama dindindin. Sashe na 69 na dokar 1990 da ke kula da gine-gine da yankunan tarihi ya wajabta wa hukumomi su riƙa waiwayarta lokaci zuwa lokaci. Dalili kuwa, waɗanda suka ja layin farko sun fi mayar da hankali kan tsohuwar cibiya, wato coci da kasuwa da manyan gidaje, suka bar jerin gidajen jan bulo na ma'aikata, da tashar jirgin ƙasa, da maƙabartun zamanin Sarauniya Victoria a waje. Daga baya aka gane su ma tarihin garin ne.

Layin yana da nauyi a kan mai gida. Idan gidansa ya faɗa ciki, ba zai rushe ginin da girmansa ya wuce kubik mita 115 ba sai da izini, haka ma katangar bakin titi da ta haura mita 1. Ko itacen da ke bayan gida ne, muddin kaurin gindinsa ya wuce milimita 75, sai ya ba hukuma sanarwar mako 6 kafin ya sare ko ya yi masa sassabe. Shi ya sa masu aikin shata iyakar kan taka unguwa da ƙafa, lungu-lungu, suna duba tagogi da rufi da shinge. Ya fi kyau layin ya bi katangar bayan gidaje, domin idan ya ratsa tsakiyar titi, gefe guda zai samu kariya, na gabansa kuma a yi masa yadda aka ga dama.

Wani lokaci ragewa ake yi. Titin da aka cire tagoginsa na katako aka sa na roba, aka mayar da lambunan ƙofar gida wurin ajiye mota, ya riga ya rasa abin da ya sa aka keɓe shi. Cire shi yana da ciwo ga mazauna, amma manufar tsara ƙasa ta gwamnati ta ja kunnen hukumomi kada su zubar da ƙimar tsarin ta hanyar keɓe wurin da bai cancanta ba.

Doka ba ta tilasta a nemi ra'ayin jama'a kafin sauya iyaka ba, sai dai yawancin hukumomi suna yi. Bayan an yanke shawara, ana buga sanarwa a London Gazette, jaridar sanarwar gwamnati, da wata jaridar yankin, a kuma sanar da ministan da abin ya shafa da Historic England, hukumar kula da wuraren tarihi ta Ingila.